TAƘAITACCEN TARIHIN MUJADDADI SHEHU USMANU ƊAN FODIYO DA BUƘATUNSA BIYAR A MAGAMI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga shugaban halitta Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, wannan taƙaitaccen tarihi ne na Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, Allah Ya ƙara masa yarda, malamin da ya tsaya gaban sarkin zamaninsa ba shi da rawanin sarauta, ba shi da runduna, ya nema wa talakawa sauƙin doka da na haraji, aka kuma amsa masa.

Haihuwarsa da Neman Iliminsa

An haifi Shehu a garin Maratta ta ƙasar Gobir, wadda a yau take cikin Jamhuriyar Nijar, a ƙarshen watan Safar na shekara ta 1168 bayan Hijira, daidai da watan Disamba na 1754. Sunan mahaifinsa Muhammadu Fodiyo, sunan mahaifiyarsa Hauwa'u, kuma zuriyarsu ta Toronkawa ta daɗe da shahara da karatu. Yana ƙarami iyayensa suka koma Degel, a can ya tashi.

A wurin mahaifinsa ya karanta Alƙur'ani. Daga nan ya zauna gaban malamai da dama, cikinsu har da Malam Usmanu Binduri, wanda Shehu ya yi koyi da shi wajen tsentseni da horo da kyakkyawa da hani da mummuna, da kuma Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda ya bi har Agadas. Ya riƙi ɗariƙar Ƙadiriyya, ya lizimci wuridinta, kuma ya ambata da kansa cewa yana ɗan shekara 40 aka yi masa buɗi, ya ga Sidi Abdulƙadir Jilani, Allah Ya ƙara masa yarda, ya ɗaura masa takobin gaskiya.

Wa'azinsa da Halin da Talakawa Suke Ciki

Yana ɗan shekara 20, wajen 1774, ya fara wa'azi a Degel, sa'an nan ya yi ta fita zuwa Kabi da Zamfara tare da ƙaninsa Malam Abdullahi. Da harshen mutane yake yi musu magana, Hausa da Fulatanci, ya kuma bar mata su halarci majalisinsa, duk da sukar da wasu malamai suka yi masa a kan haka. Manoma da makiyaya da 'yan koli, Hausawa da Fulani da Azbinawa, su ne suka cika majalisin, kuma su ne tushen abin da aka riƙa kira Jama'a.

A wancan zamani Gobir na kan ganiyar ƙarfinta. Ta ci Zamfara, ta kafa hedkwatarta a Alƙalawa, kuma kusan kullum tana cikin yaƙi da maƙwabta. Kuɗin yaƙin kuwa daga jikin talaka ake fitar da su. Daga baya Shehu ya jera waɗannan nauye-nauye ɗaya bayan ɗaya a littafinsa Kitabul Farƙi: jangalin shanu, kuɗin gari, kuɗin salla, gaisuwar da ake kai wa masu mulki kafin a saurari mutum, tawasar da ake karɓa a kasuwa, kamun dabbobin mutane don ɗaukar kayan sarki ba da yardarsu ba, da gargaɗi, wato tilasta wa mutane fita yaƙi, wanda ya ƙi a ci shi tara. Waɗannan su ne koke-koken da mutane suke zuwa da su bayan an tashi daga karatu, kuma Shehu ya auna kowanne da ma'aunin shari'a.

Da farko ba ya zuwa ƙofar sarakuna. Sai da Jama'a ta yawaita, maganarsa ta yi nauyi, sa'an nan ya tafi wurin Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo, ya bayyana masa addini, ya hore shi da tsayar da adalci a ƙasarsa, ya komo gida bai zauna a fada ba.

Ranar Magami

Wajen shekara ta 1788, a lokacin Babbar Salla, Sarki Bawa ya tara malaman ƙasarsa a wani wuri da ake kira Magami. Bayan an sauko daga idi, sai ya shiga rabon kyauta kamar yadda sarakuna suka saba. Masu tarihin jihadi sun ruwaito cewa abin da aka ware wa Shehu miskali 500 ne na zinariya. Shehu ya miƙe a gaban taro ya nuna cewa shi da mutanensa ba su da buƙatar dukiyar sarki, amma yana da abubuwa biyar da yake nema a madadinta.

Na farko, a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah a faɗin ƙasar. Na biyu, kada a hana kowa amsa wannan kira. Na uku, a girmama duk wanda ya naɗa rawani, wato alamar malamai da almajirai. Na huɗu, a saki waɗanda ake tsare da su a kurkuku. Na biyar, kada a ɗora wa talakawa harajin da ya fi ƙarfinsu. Sarki Bawa, duk da tsananin da aka san shi da shi, ya amince da su baki ɗaya.

Mai lura zai ga cewa biyun ƙarshe ba su keɓanta da mabiyan Shehu ba. Ɗaurarre ko wane ne shi, mai biyan haraji ko yana zuwa majalisi ko ba ya zuwa, duk sun shiga cikin roƙon. Zai kuma ga cewa abin da ya sa Bawa ya saurara shi ne ɗimbin mutanen da suka tsaya bayan Shehu a filin nan, waɗanda aka yi shekara goma sha huɗu ana karantar da su har suka san hakkinsu da hakkin da ke kansu. Da Shehu ya karɓi zinariyar, da ya koma gida da arziki, talakawa kuma su koma da nauyinsu, domin bakin da ya ci shi ke jin kunya.

Warware Alkawari da Hijira

Abin da aka samu a Magami alkawarin baki ne na sarki ɗaya. Ba a daɗe ba Bawa ya rasu, Yakuba ya gaje shi, bayansa Nafata ya hau. Ganin yadda Jama'a take ƙaruwa, Nafata ya sa aka yi shela a kasuwa cewa ban da Shehu ba wanda aka yarda ya yi wa'azi, duk wanda bai gaji Musulunci daga ubansa ba ya koma ga abin da ya tarar, maza su daina naɗa rawani, mata su daina yafa mayafi. Da shela ɗaya aka rushe wasu daga cikin biyar ɗin nan.

Duk da haka Shehu bai yi gaggawar ɗaukar makami ba. Ya ci gaba da karantarwa da rubutu har Yunfa ya hau gadon Gobir wajen 1802. A ƙarshen 1803 rundunar Yunfa ta auka wa Gimbana, inda Malam Abdussalami da almajiransa suka fake, aka kashe na kashewa, aka kama sauran. Da aka biyo da kamammun ta kusa da Degel, mutanen Shehu suka kwance su. Daga nan zama ya gagara. A watan Fabrairu na 1804 Shehu ya yi hijira zuwa Gudu, inda Jama'a ta yi masa mubaya'a a matsayin Amirul Muminina. Shekara 30 ke nan cur tsakanin fara wa'azinsa da wannan rana, duk an yi su ne da harshe da alƙalami.

A watan Yuni na 1804 aka gwabza a Tafkin Kwatto, Jama'a ta yi nasara a ƙarƙashin Malam Abdullahi. An sha wuya a Tsuntsuwa da Alwasa, an rasa malamai da mahaddata masu yawa, kafin Alƙalawa ta faɗi a 1808. A ƙarshen wannan shekara ne Malam Musa, wanda ya karɓo tuta daga Shehu, ya shiga birnin Zariya, Sarki Makau ya yi kudu zuwa Zuba. Ta haka ƙasar Zazzau, wadda Ikara da Makarfi da Kudan suke cikinta, ta shiga daular.

Ƙarshen Rayuwarsa

Samun mulki bai sa an daina faɗa wa masu mulki gaskiya ba. Tun ana cikin yaƙi, wajen 1807, Malam Abdullahi ya ga son duniya ya fara shiga zukatan wasu jagorori, ya bar runduna ya nufi gabas, har mutanen Kano suka tsayar da shi ya rubuta musu Diya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki bisa shari'a. Shehu kansa bai zauna a gadon mulki ba. Ya koma Sifawa yana karantarwa, a 1812 ya danƙa gudanar da yamma ga Malam Abdullahi, gabas kuma ga ɗansa Muhammadu Bello. A 1815 ya koma Sakkwato, inda Allah Ya yi masa rasuwa ranar 20 ga Afrilu, 1817, daidai da watan Jimada Sani na 1232. Kabarinsa yana Hubbare. Daga cikin 'ya'yansa akwai Nana Asma'u, wadda ta kafa 'Yan Taru don kai karatu ga matan ƙauyuka.

Abin da Ya Bari

Buƙata ta biyar ta Magami ta daɗe ba ta cika ba. Jangali da haraji sun ci gaba a ƙarƙashin sarakunan da suka biyo baya, Turawa kuma da suka ci Sakkwato a 1903 suka tsara su suka ƙara musu ƙarfi. Talakawan Arewa, musamman 'yan NEPU da aka kafa a Kano a 1950 wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta, sun sha ɗauri da bulala a kan wannan magana. Sai a 1979 gwamnatin Alhaji Balarabe Musa a Jihar Kaduna da ta Alhaji Abubakar Rimi a Jihar Kano suka soke haraji da jangali, kimanin shekara 190 bayan taron Magami. Dattawan Saulawa da kewaye da suka ga zamanin gudun mai karɓar haraji shaidu ne a kan haka.

Har yau masu mulki suna halartar tarukan 'yan'uwa, suna zuwa da gaisuwa, ana kuma karɓarsu da mutunci kamar yadda ya dace. Khalifofi da muƙaddamai da muridai suna da damar da Shehu ya samu a Magami, ta haɗuwa da mai iko a gaban jama'a. Sunnar da ya bari ita ce a isa wurin da buƙatar mutane a tsare, a faɗe ta cikin ladabi ba tare da tsoro ba, a sa na ɗaure da mai ƙaramin ƙarfi a cikinta ko da ba ɗan zawiyya ba ne, sa'an nan a ci gaba da bibiya bayan an watse, tun da abin da wani sarki ya bayar wani yana iya karɓewa.

Allah Ya ƙara wa Shehu yarda, Ya haskaka kabarinsa, Ya amfanar da al'umma da albarkarsa da ta Sidi Abdulƙadir, Ya ba shugabanni ikon yin adalci, Ya mai da kowa gidansa lafiya. Amin.