Mitsuteru Yokoyama: yaron da ya ga garinsu ya zama toka, ya zana ƙaton mutum-mutumi

Idan kana yawan leƙa TikTok ko YouTube, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba: wani ya buɗe kwali, ya yanko ƙananan ɓangarorin roba, ya harhaɗa su har suka zama mutum-mutumin yaƙi irin na katun ɗin Japan. Yana gamawa kuma sai ya shiga ɓata shi da gangan. Ya ɗiga fenti da guntun soso don ya yi kama da kurji, ya goga busasshen buroshi mai ɗan fentin azurfa a gefuna, ya ƙara launin tsatsa da baƙin hayaƙi. So yake abin ya fito tamkar wanda ya dawo daga fagen fama.

To, wannan sana'a tana da kaka, sunansa Mitsuteru Yokoyama. Shi kam hayaƙin yaƙi da idonsa ya gan shi.

An haife shi a birnin Kobe ranar 18 ga Yuni, 1934. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi tsanani, aka kwashe shi zuwa yankin Tottori, kamar yadda aka riƙa kwashe yara daga manyan birane. A 1945 jiragen Amurka samfurin B-29 suka yi wa Kobe ruwan bama-bamai masu ta da gobara. Ka kwatanta kanka kana ɗan shekara goma sha ɗaya, ka dawo gida ka tarar unguwanni sun zama fili. Ƙarfin da ya yi wannan ɓarna bai taɓa fita daga ransa ba.

Yana matashi ya karanta Metropolis, labarin zane na Osamu Tezuka, daga nan sha'awar zane ta kama shi. Bayan sakandare ya yi ɗan aiki a banki, ya bari, ya koma wani kamfanin fim, yana zane a lokacin da ya samu sarari. A 1955 littafinsa na farko ya fito. A 1956, yana da shekara 22, ya fara Tetsujin 28 a mujallar yara maza mai suna Shonen. Ma'anar sunan ita ce mutumin ƙarfe mai lamba 28, kuma labarin ya yi shekara goma yana fitowa.

A cikin labarin, an ƙera Tetsujin ne a ɓoye lokacin yaƙi don ya zama makami. Ba shi da tunani, ba shi da tausayi, ba shi da ƙeta. Rimot ne ke juya shi. Idan rimot ɗin yana hannun yaro Shotaro Kaneda, sai ƙaton ya kare mutanen gari. Idan miyagu suka fizge shi, ƙaton nan dai shi zai juyo ya rushe gidajen da ya kare jiya. Da farko ma Yokoyama ya tsara shi ne a matsayin mugun abu da za a hallaka, amma yara masu karatu suka ƙaunace shi, dole ya bar shi da rai.

A 1960 kamfanin Imai ya fitar da Tetsujin na roba wanda yaro zai haɗa da hannunsa. A 1963 katun ɗin ya hau talabijin, daga baya Amurkawa suka kalle shi da sunan Gigantor. Hanya ta buɗe ke nan. Go Nagai ya zo da Mazinger Z a 1972, ya shigar da matuƙi cikin mutum-mutumin. Gundam ya biyo baya a 1979. Shi kuwa Imai, da ya karye a 1969, Bandai ne ya karɓi masana'antarsa ta Shizuoka, kuma Bandai ɗin ne ya fara sayar da Gunpla a watan Yuli na 1980, a kan yen 300. Kwalin da ka gani a bidiyo jikan wancan ne.

Kada ka ɗauka iyakarsa ke nan. A 1966 ya ƙirƙiro Sally, yarinya mai sihiri, wadda katun ɗinta ya share wa irinsa fage. Giant Robo ya zo a 1967. Daga 1971 kuma ya duƙufa kan Sangokushi, tarihin yaƙe-yaƙen masarautu uku na tsohuwar China, har juzu'i 60. A can ma tambayar ba ta canza ba: mulki da makami suna hannun wa, kuma me zai yi da su?

Ƙarshensa akwai ban tausayi. A watan Afrilu na 2004 gobara ta tashi a gidansa da ke Tokyo, ya ƙone sosai, ya rasu ranar 15 ga watan yana da shekara 69. A 2009 mutanen Kobe suka kafa Tetsujin mai tsayin mita 18 a unguwar Nagata, wadda girgizar ƙasar 1995 da gobararta suka ɗaiɗaita, don ya zama alamar farfaɗowar garin.

Saboda haka, duk ranar da ka sake ganin wani yana shafa wa ɗan mutum-mutuminsa tsatsa da toka, ka tuna da yaron Kobe. In kuma wata rana ka samu naka kwalin, kafin ka zana masa tabon harsashi na farko, ka tsaya ka yanke shawara: a yaƙin da ya ji wannan rauni, rimot ɗinsa a hannun wa yake?