Nana Asma'u Ɗiyar Shehu da Yadda Ta Shirya Malamanta

 Ƴan uwana ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan ɗan littafi, bana da aka ce kowa ya kawo tarihin wani bawan Allah, ni na zaɓi Nana Asma'u ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Dalilina shi ne, mu ƴan ajin ƙarshe da yawa cikinmu baɗi za a ba mu ƙananan yara mu karantar. To, wanda jiya yake ɗalibi, yaya za a yi yau ya zama malami? Wannan baiwar Allah ta fuskanci irin wannan tambaya tun kusan shekara 200 da suka wuce.

An haife ta a Ɗegel a shekarar 1793. Mahaifinta kuwa a Maratta aka haife shi, kusa da Galmi, nan ƙasarmu Nijar, kuma cikin manyan malamansa akwai Malam Jibrilu ɗan Umaru wanda ya yi karatu wajensa a Agadas. Kun ga ke nan tarihin namu ne. Sunan mahaifiyarta Maimuna. Tagwaye aka haife su ita da ɗan uwanta Hasan. Tana da kamar shekara 11 aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, ta ga yaƙi da yunwa da tafiyar ƙasa da idonta, amma duk da haka ba a bar karatu ba a gidansu. Ta haddace Alƙur'ani, ta yi fiƙihu da tauhidi, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, tana kuma jin yaren Buzaye. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima wanda ya zama wazirin ɗan uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Da yaƙi ya lafa sai wata matsala ta fito. Matan ƙauyuka da yawa ba su san hukuncin tsarki da salla ba, kuma bori yana da ƙarfi a cikinsu. Ita kaɗai ba za ta iya bin gari gari ba, su kuma matan aure masu goyo ba za su iya barin ɗakunansu ba. Sai ta ga mafita ita ce ta shirya waɗanda za su karantar a madadinta. Wannan shi ne asalin Ƴan Taru.

Abu na farko, ba kowa take ɗauka ba. Tana zaɓen dattijuwa mai hankali da amana wadda garinsu suke ganin girmanta, a kira ta jaji, sunan da ake ba jagoran ayari. Jaji ita ke jagorantar tsofaffin mata da ƴan mata waɗanda ba su kai aure ba su zo wurin Nana.

Na biyu, ba ta sallame su hannu sake ba. Ta tsara musu darussa cikin waƙoƙi masu sauƙin hadda, don mace ta iya maimaitawa tana daka ko tana kaɗi. Akwai wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani, akwai Waƙar Gewaye mai ba da tarihin Shehu da jama'arsa, akwai ta salihan mata na da. Ta kuma mai da waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa daga Fulatanci zuwa Hausa, saboda harshen da mutane suke ji ke nan.

Na uku, tana naɗa jaji. Tana ba ta malfa da jan ƙyalle da za a ɗaura a kai. Malfar nan a da alamar Inna ce, shugabar bori ta Gobir. Nana ta ɗauki abin da mata suka saba girmamawa ta mai da shi alamar ilimi, duk wanda ya ga mai malfa ya san an yarda da ita.

Na huɗu, kuma wallahi shi ya fi burge ni, karatun jaji bai ƙarewa ran naɗi. Suna komowa wurinta lokaci bayan lokaci, su ƙaro darasi, su kawo tambayoyin da suka gagare su, a warware musu. Kyautar da suke kawowa ta hatsi da zuma da man shanu kuwa, mabukata ake raba wa. Da wata jajinta mai suna Hauwa'u ta rasu, Nana da kanta ta yi mata waƙar ta'aziyya. Malamin da ya san ana kula da shi haka, ai ba zai yi wasa da aiki ba.

Nana Asma'u ta rasu a 1864, aka rufe ta a Sakkwato kusa da kabarin mahaifinta. Ta bar rubuce-rubuce kusan 60. Aikin bai mutu da ita ba, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon Ƴan Taru.

Don haka ina roƙon malamanmu, cikin ladabi, idan za a ba ɗayanmu aji, a fara zaunar da shi bayan babban malami ya ga yadda ake yi, a ba shi abin da zai karantar a tsare, a kuma sa ranar da zai riƙa komowa da tambayoyinsa. Mu kuma ƴan uwa, kada kunya ta hana mu cewa ba mu gane ba, don kuskuren da muka koya wa yaro zai iya tafiya da shi har tsufansa.

Allah ya jiƙan Nana Asma'u, amin.