Likita Mila, Baturen da ya koyi Hausa

Yau za mu ji labarin wani Bature. Sunansa Walter Miller. A bakinmu na Hausa, sai mu ce Likita Mila.

An haife shi a Ingila a shekarar 1872. Ya yi karatun likita a birnin Landan. Da ya so, da ya zauna garinsu ya tara dukiya. Amma shi Kirista ne, kuma ya ɗauka cewa bin Yesu Almasihu aiki ne na kullum. Sai ya ba da kansa ga wata ƙungiyar mishan mai suna CMS, don a aike shi ƙasar Hausa.

Kafin ya zo, ya fara zuwa Tarabulus, can ƙasar Libiya. A lokacin nan fatake da alhazai Hausawa suna sauka garin. Wajensu ya zauna yana koyon Hausa. Babban likita ne, amma bai ji kunyar komawa ɗan koyo ba. Can ya gamu da wani yaro Bahaushe mai suna Audu. Daga baya ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa.

A shekarar 1900, su biyar suka kama hanyar Kano, shugabansu Bishop Tugwell. Sarkin Kano Aliyu bai yarda su zauna ba. Ya ce su fita garinsa. Suka koma kudu, suka sauka wani ƙauye mai suna Girku, a ƙasar Zazzau. Nan ɗayansu ya yi ciwo ya mutu. Likita Mila ma rashin lafiya ya mai da shi Ingila. Wani da ya ce shi ke nan, ya gama. Shi kuwa da ya samu sauƙi sai ya komo.

A shekarar 1905 ya samu wurin zama cikin birnin Zariya. Bai taɓa yin aure ba, amma gidansa cike yake da yara. Yana ci da su, yana koya musu karatu da rubutu. Marasa lafiya kuma suna zuwa neman magani, Musulmi da wanda ba Musulmi ba.

A shekarar 1913, waɗansu mutane da ake kira Isawa suka neme shi. Hausawa ne masu girmama Annabi Isa ƙwarai. Da yawansu suka zama Kirista, suka kafa gari a Gimi. Ba a daɗe ba, ciwon barci ya faɗa garin, ya kashe mutane da yawa. Waɗanda suka tsira suka koma Zariya, yaransu suka ci gaba da karatu a makarantar mishan.

Likita Mila ba mutum ne marar aibi ba. Yana da zafin rai, bakinsa kuma da kaifi. In ya ga an zalunci talaka, ba ya shiru, ko sarki ne ya yi, ko Turawan mulki ƴan ƙasarsu. Wannan ya ja masa maƙiya ta kowane gefe.

A shekarar 1929 aka fitar da mishan daga cikin birni zuwa Wusasa, kusa da Zariya. Makarantar ta ci gaba, aka yi asibiti. Dokta Barau Dikko, likitan farko ɗan arewacin Najeriya, yaron Wusasa ne.

Babban aikin da Likita Mila ya bari shi ne juya Littafi Mai Tsarki da Hausa. Ya yi shekara da shekaru a kansa, tare da waɗansu ƴan mishan da Hausawa masu gyara masa magana. A shekarar 1932 littafin ya fito cikakke. Daga baya an sabunta fassarar, amma shi da abokan aikinsa suka share hanya. Ya rasu a shekarar 1952 a Bukuru, kusa da Jos.

To, me ya haɗa mu da shi, mu mutanen Ƙonni da Malbaza da Illela? Ran sallar Kirsimati, in an karanta labarin haihuwar Yesu da Hausa, tsohuwa tana ganewa, yaro yana ganewa. Akwai gumin wannan mutum a ciki. Asibitin Galmi da muka sani, wata ƙungiya dabam ce, SIM, ta buɗe shi a shekarar 1950. Amma niyyar ɗaya ce: a taimaki mai ciwo saboda Allah.

Mu ba likitoci ba ne. Amma kowa yana da gida da tukunya. Akwai maraya a unguwarku? Akwai maƙwabcin da ke kwance, ba mai leƙa shi? Ranar salla, in kun dafa, ku miƙa masa, ko addininku ba ɗaya ba ne. Wanda kuma ya iya karatu bana, ya koya wa matarsa ko ƙanensa. Bangaskiyar Likita Mila a irin waɗannan ayyuka aka gan ta. Tamu ma nan za a gan ta.