William Herschel: Makaɗin da ya gano duniyar Uranus da madubin da ya goge da hannunsa

An haifi William Herschel a birnin Hanover na ƙasar Jamus a ranar 15 ga Nuwamban 1738. Kiɗa ya gada a wajen mahaifinsa, kuma da shi ya ci abinci bayan ya koma Ingila a 1757. A 1766 ya samu aikin kaɗa ogan na majami'a a garin Bath.

A can ne sha'awar taurari ta kama shi. Na'urorin hangen nesa na wancan zamani suna da tsada kuma ƙanana ne, don haka ya fara ƙera nasa. Yakan narka jan ƙarfe da kuza ya zuba madubi, sannan ya goge shi da hannu. Ƙanwarsa Caroline, wadda ta zo wurinsa a 1772, takan ba shi abinci a baki idan aikin gugar ya yi tsawo.

Tsawon na'ura da amfaninsa

Ana kiran na'urorin Herschel da tsawonsu: mai ƙafa 7, mai ƙafa 20, mai ƙafa 40. Wannan tsawo shi ne tazarar da ke tsakanin madubi da wurin da hasken da ya tattaro ke haɗuwa.

Idan tazarar ta yi tsawo, madubin ba ya buƙatar zurfi sosai, gugarsa ta fi sauƙi, kuma abin da ake kallo ya fi girma a ido. Sai dai bututun kan yi nauyi, kuma filin sama da ake gani a lokaci guda kan ragu. Faɗin madubi kuwa shi ke ƙayyade yawan hasken da za a tara.

Da mai ƙafa 7, wadda faɗin madubinta bai wuce inci 6 da ɗoriya ba, ya gano duniyar Uranus daga lambun gidansa a ranar 13 ga Maris, 1781. Sarki George na III ya yanka masa fam 200 a shekara, sai ya bar kiɗa ya rungumi taurari.

A 1783 ya kammala mai ƙafa 20. Da ita shi da Caroline suka yi rajistar gungun taurari da gajimaren sararin samaniya kimanin 2,500. Da ita kuma ya gano Titania da Oberon, watanni biyu da ke kewaya Uranus, a 1787.

Babbar da ta gagari mai ita

Burinsa bai tsaya nan ba. Da tallafin fam 4,000 daga sarki, ya kafa mai ƙafa 40 a garin Slough, ya kammala ta a 1789. Faɗin madubinta inci 48 ne, kuma ta shafe kusan shekara 50 ita ce mafi girma a duniya. A shekarar ce ya gano Enceladus da Mimas, watannin duniyar Saturn.

Amma ta zame masa ɗawainiya. Sai da mataimaka ake juya ta, madubinta kan dushe da sauri har sai an sauke shi an sake gugawa, ga shi samaniyar Ingila ba ta cika washewa ba. Galibin aikinsa ya ci gaba da yi da mai ƙafa 20.

Har yau masu ƙera na'ura a gida suna fuskantar wannan zaɓi: doguwa mai girmama abu amma mai wuyar ɗauka, ko gajeriya mai nuna fili mai faɗi wadda gugar madubinta ta fi wuya.

A 1800 Herschel ya gano hasken infrared da ido ba ya gani. Ya rasu a Slough a ranar 25 ga Agustan 1822 yana da shekara 83. Ɗansa John ya ɗauki mai ƙafa 20 zuwa Afirka ta Kudu a 1834 don nazarin taurarin kudu. Babbar kuwa an kwance ta wajen 1840.