Tarihin Mazan Jiya: Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Mai Zaunar Da Marasa Gida

A wannan mako filinmu zai waiwayi Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah ya jiƙansu da rahama. Kowa ya san shi da jarunta da yawan rubuta littattafai, amma mu abin da za mu fi dubawa shi ne yadda ya yi da mutanen da yaƙi da yunwa suka raba da gidajensu. Magana ce da ta shafe mu, mu mazauna Agege da Idi-Araba da sauran unguwannin Hausawa na Ikko, domin kusan kowannenmu baƙo ne ko ɗan baƙo.

An haifi Bello a shekarar 1781, sunan mahaifiyarsa Hauwa'u. Ya tashi a Degel cikin almajiran Shehu, ya yi karatu a wurin mahaifinsa da kuma ƙanen mahaifin nasa, watau Malam Abdullahi. Yana da shekara wajen 23 aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu, a watan Fabrairu na 1804.

To, daga nan ne ya san abin da ake kira rashin gida. Jama'ar Shehu sun ci nasara a kan Gobirawa a Tafkin Kwatto cikin watan Yuni na wannan shekara, amma damina ta same su ba gona ba rumbu, ga mata ga yara ga tsofaffi. A ƙarshen shekarar aka karya su a Tsuntsuwa, inda mutum wajen 2,000 suka yi shahada, 200 daga cikinsu mahaddata Alƙur'ani ne. Suka gangara ƙasar Zamfara suka yi zango a Sabon Gari, yunwa da cuta suka yi ta ɗibarsu, dabbobi suka ƙare, kafin su samu su koma Gwandu a 1805. Sai da aka ci Alƙalawa a 1808 sa'an nan hankali ya ɗan kwanta. Shi da kansa ya ba da labarin waɗannan shekaru a littafinsa Infaƙul Maisuri wanda ya rubuta a 1812. A ganinmu wanda bai san wannan wahala ba, ba zai gane dalilin da ya sa Bello ya ƙare rayuwarsa yana gina garuruwa ba.

A 1809 ya kafa ganuwar Sakkwato. Shehu ya komo cikinta a 1815, ya rasu a 1817, aka yi wa Bello mubaya'a. Mulkin bai zo masa da sauƙi ba, don kuwa nan da nan Abdussalami ya yi tawaye a Kware, Gobir da Kabi da Zamfara kuma ba su daina kai hari ba har ƙarshen zamaninsa.

Dabararsa a kan wannan ita ce ribaɗi, watau gari mai ganuwa a bakin iyaka. Ya kafa su da dama, kamar Lajinge da Shinaka da Wurno, wadda shi da kansa ya koma ya zauna a cikinta. Ribaɗi dai sansanin tsaro ne, babu shakka, amma a cikinsa ne ake ba wanda ba shi da komai fili ya yi gida, a ba shi gona, a naɗa wa garin liman da alƙali da malamin da zai karantar da yara. Makiyaya ma ya yi ta jan hankalinsu su bar yawo su zauna wuri ɗaya su yi noma, 'ya'yansu su sami karatu. Cikin littafin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya ɗora wa shugaba nauyin ya ga kowane gari ya sami manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masu magani, ya kuma gyara kasuwanni da hanyoyi. Yana da wani littafin kuma a kan hukuncin neman abinci, inda ya yabi sana'a ya kushe zaman banza da dogara ga hannun mutane. Marubutan tarihin Sakkwato sun ce shi kansa ba ya ci daga baitulmali, sai daga abin da ya nema da guminsa.

Don mu gane girman wannan, bari mu leƙa Ingila ta wancan zamani. Tun 1601 aka yi doka a can cewa kowace gundumar coci ta tara haraji ta ciyar da gajiyayyunta. Abin ya yi kyau a takarda, sai dai kowace gunduma ta shiga gudun ɗaukar nauyin baƙo. A 1662 aka ƙara wata doka, wadda ta ba hukuma ikon ta kwashe baƙo da iyalinsa cikin kwana 40 da zuwansa ta mai da shi gundumarsa ta asali, in ana tsammanin zai zama kaya, sai fa in ya kama hayar gida ta fam 10 a shekara. Gundumomi suka yi ta kashe kuɗi a kotu kan ko wace ce za ta ciyar da iyali guda. Mace mai ciki marar miji kuwa, akan yi sauri a tsallakar da ita iyaka kafin ta haihu, don kada jaririn ya zama ɗan gunduma. A 1834, saura shekara 3 Bello ya rasu, aka sake doka aka ƙarfafa gidajen aikin gajiyayyu, inda ake raba miji da mata da 'ya'ya. Ba a soke waɗannan dokoki gaba ɗaya ba sai a 1948.

Shari'ar da Bello ya yi mulki da ita ta ɗauki wata hanya dabam. A mazhabar Malikiyya ana raba zakka ne a wurin da aka fitar da ita, ga mabukatan da ke wurin, ba a tambayar inda aka yanke wa mutum cibiya. Hasali ma matafiyin da guzuri ya yanke masa yana cikin mutum 8 da Suratu Tauba ta ba rabo, ko da mai arziki ne a garinsu.

Amma fa kada mai karatu ya ɗauka kowa da son ransa ya zauna a waɗannan garuruwa. Da yawa daga cikin masu noman gandaye da rinjoji bayi ne da aka kamo wurin yaƙi, watau yaƙin da ya zaunar da waɗansu shi ne ya raba waɗansu da nasu gidajen. Wannan ma yana cikin tarihin, kuma ba a yi wa Bello adalci in an ɓoye shi.

A nan Agege iyayenmu da ɗabi'ar karɓar baƙo suka kafa zango, tun da fataucin goro da jirgin ƙasa suka kawo su. Mutum ya sauka a tasha da 'yar jakarsa, maigida ya ba shi masauki a zaure da abinci har ya kama sana'a, in rigima ta taso a je gaban Sarkin Hausawa. Hukumomi kuwa sau da yawa hanyar Ingila ta 1662 suke bi. A watan Yuli na 2013 Gwamnatin Jihar Legas ta kwashi waɗansu marasa galihu a mota aka sauke su a Onitsha, har Gwamna Fashola ya ba da haƙuri daga baya. Kada mu yi saurin nuna yatsa, domin a 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa su ma sun yi ta mai da almajirai jihohinsu na asali.

Yaƙinsa babba na ƙarshe shi ne na Gawakuke a 1836, inda ya karya Gobirawa da mataimakansu. Bayan shekara ɗaya ya kwanta ciwo a Wurno, ya rasu a watan Oktoba na 1837 yana da shekara wajen 56, bayan ya yi shekara 20 yana sarauta. A can aka yi masa kabari, ba a Sakkwato kusa da mahaifinsa ba, kuma har yanzu ana kai ziyara hubbarensa. Ƙanwarsa Nana Asma'u, matar Waziri Giɗaɗo, ta yi masa waƙoƙin ta'aziyya inda ta zayyana halayensa. Ɗan'uwansa Abubakar Atiku ne ya gaje shi.