Muhammadu Rumfa: Sarkin da ya kafa Kasuwar Kurmi

Duk wanda ya tsaya kallon Hawan Sallah a Kano, ya ji ƙarar kakaki, ya ga figinin gashin jimina a gefen Sarki, to yana kallon al'adun da masana tarihi ke danganta farkonsu da mutum ɗaya, wato Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499.

Rumfa ɗan Sarki Yakubu ne, jikan Sarki Abdullahi Burja, kuma shi ne na ashirin a jerin sarakunan gidan Bagauda. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya nuna cewa a zamanin kakansa aka buɗe hanyar fatauci daga Borno zuwa Gwanja, ƙasar goro, a zamanin mahaifinsa kuma gishirin Azbin ya yawaita a ƙasar Hausa. Saboda haka Rumfa ya gaji birnin da ayarin arewa da na gabas da na yamma suka fara haɗuwa a cikinsa.

Aikinsa shi ne ya ba wannan harka mazauni da tsari. Ya kafa Kasuwar Kurmi, wadda ke ci har yau. Ya faɗaɗa ganuwa, ya gina fadar da ake kira Gidan Rumfa, inda sarakunan Kano ke zaune tun daga lokacin. Ya kuma kafa majalisar Tara ta Kano, ta manyan masu sarauta da ke ba sarki shawara.

A wajajen 1492 babban malamin nan Muhammad al-Maghili, mutumin Tilimsan da ke Aljeriya ta yau, ya iso Kano ta hanyar Sahara. Rumfa ya karɓe shi, shi kuma ya rubuta masa littafi kan abin da ya wajaba ga sarakuna. A ciki ya gargaɗe shi da kada ya ɓoye kansa ga talakawa, ya hana alƙalai karɓar toshiya, kuma kada ya tara dukiya sai ta halas. Hikimar a fili take: baƙon da ya ratso hamada da kayansa ba zai dawo ba sai ya tabbata akwai shari'ar da za ta kare masa haƙƙinsa. Daga baya al-Maghili ya tafi Gawo wurin Askiya Muhammad na Songhai.

Mulkin Rumfa bai rasa tashin hankali ba. Ya shafe shekara 11 yana yaƙi da Katsina ba tare da wani ya rinjayi wani ba. Katsina ita ma cibiyar fatauci ce, kuma ƙasar yammacin Kano, inda Kabo da Gwarzo suke a yau, tana kan hanyar zuwa kudancin ƙasarta. Gabar biranen biyu ta ci gaba bayan rasuwarsa.

Ɗansa Abdullahi, wanda Madaki Auwa ta haifa, shi ya gaje shi a 1499. A yau Gidan Makama, da ake cewa a nan Rumfa ya zauna kafin ya hau karaga, ya zama gidan adana kayan tarihi, kuma a Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya Hawan Sallar Kano cikin al'adun da duniya ta gada. Allah Ya jiƙan magabata.