Marigayi Adamu Halilu Da Finafinansa

An haifi Malam Adamu Halilu a ƙasar Adamawa cikin 1936, ya rasu cikin 2001. Da majigin wayar da kan jama'a ya fara. Cikin 1976 ya shirya Shaihu Umar daga littafin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka nuna a bikin FESTAC na Ikko cikin 1977.

In ana jera ayyukansa, kullum shi ake sawa gaba, a bar Kanta of Kebbi na 1978 a baya. Amma fa da yawan masu jerin, darajar littafin suke dubawa, don fim ɗin ya daɗe a ɓace kafin a tsinto shi a Ikko, a gyara, a nuna a Jamus cikin 2018. Kanta kuwa, 'yan kaɗan ne suka taɓa ganinsa.